Kujera Ta Bakwai

An liƙa takarda a ƙofar asambili,
sunaye tara, nawa babu.
Na karanta sau biyu da tabarau,
sau ɗaya babu shi, ko zai fito.

Shekara sha ɗaya ina zama
a kujera ta bakwai, ƙarƙashin fanka mai kuka,
ni Fuseini magini, ba digiri,
sai ƙafar da ta san Aboabo lungu-lungu.
In an shimfiɗa taswira, an ce nan fili ne,
sai in ce a'a, hanyar Pelele ce;
ruwa ba ya manta gidansu,
ko ya shekara goma a tafiya.

Yanzu ƙwararru ake so.
To. Wadda ta gaje ni, Injiniya Adiza,
'yar mai waken bakin tasha ce,
ni na ɗora kwanon ɗakin da aka haife ta.
Tana da na'ura mai ganin Kumasi daga sama.
Ban ƙi ba. Sai dai daga sama
ba a jin warin ƙasar da ta ƙoshi.

Ni ma ban fita fes ba.
Benen nan na bayan makaranta,
na ɗaga masa hannu don mai shi ya duba ni a asibiti.
Duk damina yana zaune a ƙirjina.

Jiya da la'asar ta aiko yaro,
wai Asabar in raka ta bakin rafi,
in zo da takalmin roba.
Na ce sai na duba.

Tun daren na wanke shi.