Mai Ƙirga Buhu a Bur Sudan

Tun kafin ladanin Daim Madina ya gyara murya
jakin Ohaj ya iso ƙofarmu da tankin ruwa.
Jarka biyu. Kuɗin jiya bai isa na yau ba.
Ga teku har iyakar ganinka,
amma a garin nan ƙishirwa ce ke fara buɗe kasuwa.

Ni sana'ata ƙirge.
Littafi a hannu, biro a bayan kunne,
bakin sito na bakwai, inda inuwa ke ƙarewa da hantsi.
Riɗin Gadarif, buhu ɗari huɗu da sha biyu.
Ƙaron Kurdufan, kamar zumar da ta yi fushi ta daskare.
Zoɓo, gyaɗa, 'ya'yan guna,
audugar da ta sha hanya har ta manta farinta.
Layi huɗu a tsaye, na biyar ya kwanta a kansu,
haka nake rubuta gumin mutane.

Can sama ƙugiyar ƙarfe, mai wuyan raƙumin dawa,
tana tsince kwantena kamar ba ta san nauyi ba.
Kowace ɗaga ɗaya da ta yi,
abincin 'yan dako ashirin ne ta haɗiye.
Ba su zage ta. Suna dai kallonta
irin kallon da ake wa babban yaya mai cin rabon ƙanne.

Shiga Suk Kabir da azahar ka ji.
Ƙarƙashin rumfunan dutse ɗan canji ba ya ɗaga murya,
gefenka zai bi, ya ce riyal, ya ce dala, kamar mai yi maka gaisuwar mutuwa.
Tun da mutanen Hartum suka sauko da akwatunansu,
ɗakin da muke ajiye gawayi ya zama ofis,
har da hatimi, har da fanka mai jiran wuta.
Mai gida ya ninka haya sau uku, ya ce ba shi ba ne, zamani ne.

In kana son labarin tashar, kada ka je wurin manya.
Tambayi Batul mai shayi.
Littafin bashinta ya fi allon hukuma gaskiya:
ran da aka fara biyanta, jirgi ya sauke anga,
ran da aka ce rubuta, rubuta, teku ta yi shiru ke nan.

Kakana Sambo da ƙafa ya taso daga Katagum.
Shekara bakwai a hanya, ya tsinci auduga a Jazira,
ya iso bakin ruwan nan ya ce
bari in yi dako na damina ɗaya, in haɗa kuɗin jirgi.
Ba a gaya masa ba a damina a nan yadda ya sani ba.
Kabarinsa na bayan layin dogo, fuska ga gabar da bai taka ba.
Yanzu kowace Layya ina ganin raguna a tirela,
an yi musu allura, an ba su takarda,
za su Sawakin, gobe suna Jidda.
Rago ya haye. Mu muna ƙirge.

Da yamma an ce buhu ɗaya ya yi ɓatan dabo.
Na sake bin layukana, ban ga inda na yi tuntuɓe ba.
Sai na hango shi a gindin tirela, ciki a farke,
da mata uku da tsintsiya da rariya
suna raba riɗi da yashi, ƙwaya ƙwaya,
tantabaru na jiran nasu kason.
Gobe za a auna shi da kofin shayi a bakin masallaci.

Na daɗe da biro a hannu.
Sannan na rubuta: ɗari huɗu da sha ɗaya.
Ɗayan ya tsaya haɗa kuɗin jirgi.