Rabin Cokali

Kafin ladanin Rafindaɗi ya gama gyaran murya
nakan ji ƙarar cokali a kofin silba.
Lantana ce.
Rabin cokali na bekin soda, ruwan randa,
ta motsa, ta jira farin ya narke,
ta runtse ido ta shanye
kamar mai biyan bashin da ba ita ta ci ba.

Gwangwanin nan na san shi.
Shekara goma sha tara yana kan kanta.
Shi ke tayar mata da kek ɗin biki,
shi ke sa cincin ya yi garas a baki.
Daga Ƙofar Guga har Sabon Layi
ba gidan sunan da bai taɓa aiko da bokiti ba.

Yanzu yatsun da suka murje buhu ɗari
sun kumbura, sun karkace kamar ɗanyar citta.
Da safe sai an lallashe su da ruwan ɗumi
kafin su yarda su ja carbi.
Zoben da na saya mata da kuɗin facin taya,
bara maƙeri ya yanke shi muna kallo.

Likita ya ce ba sanyi ba ne, ba kuma sammu ba.
Ya ce masu gadin da Allah ya zuba a jini
su ne suka daina gane fuskar masu gida,
suna dukan duk gaɓar da ta motsa.
Na yi gadi kafin in koyi faci.
Na san yadda inuwar ɗanka ke zama ɓarawo
in batirin tocila ya mutu.
Ban ce komai ba. Na karɓi takarda.
A kemis aka faɗa mini kuɗin wata guda,
na dinga ƙirga tayoyi a zuci,
tayoyin Katsina suka ƙare, kuɗin bai cika ba.

Sai ga Barira, ƙanwarta, da waya a hannu,
wani mai farar riga yana ta zuba a ciki.
Ta ce, Yaya, wuta ce a jikinki, wannan ruwa ne,
magani na kan kantarki kina nemansa a bashi.

Mako biyu ta ce ta ji dama.
Na yarda, don yardar ba ta da tsada.
A mako na bakwai ƙafa ta hau, silifa ta ƙi shiga,
kai yana sara mata tun daga la'asar.
Nas ta ɗaura awo, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa.
Ta ce, Baba, me take sha a gida?
Na dubi siminti.
Lantana ta ce, abin kek.
Nas ba ta yi dariya ba.
Ta ce, ɗan'uwan gishiri ne, Mama, ya sake riga kawai,
jininki ya hau, gaɓoɓin kuma suna nan inda suke.

Ranar na sayar da ɗaya daga injinan iskata biyu.

Yanzu ni ke murza fulawa bayan isha'i,
hannun da ya saba da roba da gam.
Tana zaune a kan turmi tana ba da umarni:
ƙara ruwa, Mamuda, ba taya ba ce.
Soda ta koma cikin kwaɓi,
ƙwayoyin asibiti suna ƙarƙashin filo,
yatsa biyu sun fara lanƙwasuwa, sauran suna shawara.

Na ɗauki ƙusa na yi zane a cikin gwangwani,
daidai inda farin garin ya tsaya.
Ban faɗa mata ba.

Yau ma da asuba na ji cokali a kofi.
Wataƙila shayi ne.
Na juya fuskata bango,
na bar ladan ya gama.