Tambaya ta Huɗu

Kwana uku ke nan tana wuyana
kamar bashin mai shago.
Layi biyu kacal.
Dokta Barau ya rubuta ta da guntun alli,
ya karkaɗe hannu, ya yi tafiyarsa.

Na haddace ƙa'idoji kamar lambar wayar mahaifiyata.
Na gwada ta farko, ta ƙi shiga.
Na gwada ta biyu, ta bar mini ragowa
da ban san gidan da zan kai ta ba.
Hansatu ta ce amsa bakwai ce,
Tanimu ya rantse sifiri ce,
mai shayin bakin get ya ce mu biya shi tukuna.

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit,
sauro kaɗai bai tashi daga aji ba.
Cajin waya saura tara.
Shafi goma sha ɗaya na cike,
kowanne ya zaga da ni
ya ajiye ni a ƙofar da na fito.

Ran Asabar aka aike ni cikin birni.
Na sami Kawu Dalhatu a zaure, Limancin Kona,
babbar riga bisa gwiwa,
yana farke aska biyu da tsinin allura,
zare na taruwa a gefen tabarma.
Na ce, Kawu, aikin kwana shida fa!
Bai ko ɗago ba.
Ya ce, sili ɗaya na tsallake tun daga wuya.
Nan da kake gani ba nan ya ɓaci ba,
nan ne dai ya tona kansa.

Ban kai Kwangila ba na zuge jaka.
Bas na tsalle, biro na zamewa,
na bar shafi na sha ɗaya, na koma na fari.
Layi na uku.
Ashe na raba da abin da ban tambaye shi ba
ko shi sifiri ne.
Yaron mota na miƙo hannu,
ni ina dariya ni kaɗai, har wata tsohuwa ta matsa.

Ba bakwai ba ce. Tanimu ma ya sha ƙasa.

Ran Litinin Dokta ya bi aikina da yatsa,
sannu, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ya ce, to, madalla.
In kuma lambar mara ce fa, ba cika ba?

Ya laluba aljihu, ya miƙo mini allin.