Bayan Hannu

Ranar da Harira za ta tafi Yamai karatu
ba ta yi mini zancen kuɗi ba.
Keji ta ajiye a gindin dogon-yaro,
ɓerayen Masar biyu a ciki, Madara da Ƴar Baƙa,
ta ce, “Baba, kada ƙafarsu ta kwana cikin danshi.”
Sai mota ta tashi.

Ni da na shekara talatin ina ɗinki a Zango,
na san awon wuya, na san faɗin kafaɗa,
ban san dabbar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba
tana fitsari kamar an huda tulu.

Da rairayi na fara.
Rairayi a Damagaram ko maƙiyinka ya ba ka kyauta.
Ya sha, amma bai haɗiye ba,
ya riƙe a baki kamar magulmaci.
Kwana biyu zarni ya kai zaure,
Malam Tanimu ya daina zuwa shan shayi.

Na je wurin Ilu kafinta, bayan Kasuwar Dole,
ya cika mini buhu da garin zarto, ya ƙi karɓar ko dala.
Wannan kam ya shanye, har yana neman ƙari.
Sai dai cikin dare na ji atishawa,
ƴar ƙarama, kamar allura ta faɗi kan siminti.
Madara ce, ido ya yi ja, hanci na zuba.
Na zauna da tocila har assalatu
ina ɗinka abin da zan faɗa a waya, ina warwarewa.

Ɓawon gyaɗa? Ruwa ya ratsa ya wuce, ko sallama babu,
ga kaifi yana cin tafin ƙafa marar gashi.
Na yayyaga tsofaffin takardunta na lakwal,
Ƴar Baƙa ta cinye lissafin aji huɗu,
sauran ya zama talge.
Ƙyallaye ina da su buhu-buhu, suna sha kuwa,
amma ƙyalle wanki yake so,
kuma a garin da ruwan famfo ke zuwa
kamar baƙon da bai sa rana ba,
wa zai tsayar da mai ga-ruwa
don wankin gadon ɓera?

Sai na koma ga sana’ata: a auna kafin a yanka.
Tasoshi biyar na jera a tsakar gida,
kowace da irin nata, cikin hannu ɗaya,
na zuba wa kowace ruwa kofin shayi,
na jira gwargwadon alwala,
na ɗora bayan hannu.
Yaran maƙwabta na leƙe ta katanga,
wai tsoho ya koma bokanci.

Sassaƙen farin katako ne ya ci,
manya, masu murɗewa kamar ƙahon rago,
ba jan nan mai warin yaji ba.
Na tankaɗe da rariya har ƙura ta fita,
na shanya kan dutse wuni guda.
Kwali a ƙasa, sassaƙe kaurin yatsa uku,
harawa a lungu, ta ci da ta ɓuya.
Kusurwar da suka mayar makewayi
ita nake kwashewa kullum,
sauran sai Juma’a.

Jiya ta kira.
Na kara wayar a bakin keji, ta ji fitonsu,
irin wanda suke yi in sun hango ganyen karas.
Ban gaya mata atishawar ba.
Ban kuma gaya mata ba
cewa duk asuba in na durƙusa
na cusa bayan hannu cikin shimfiɗa ina neman danshi,
hannun da kansa yake tuna
wata tabarma, wani zane mai ruwan bula,
shekara ashirin baya,
uwar tana asibiti, ni kaɗai a ɗaki,
jaririya na barci a bushe.

Ta ce, “Baba, kana ji na?”
Na ce ina ji.
Sai kuɗin wayar ya ƙare.