Lambar da Malam Tasi'u Ya Bari

Sha ɗaya da kwata na dare, Sharada ta yi tsit,
sai janareta ke tari a bayan sito.
Ni da shayin da ya huce,
a ɗakin nan mai sanyin randa
inda rumbun bayanai ke ƙifta koren ido.

Tun azahar Hajiya Barira take kira daga ofishin kuɗi:
"Nafi'u, abin nan ya sake tsayawa.
Tirela huɗu a bakin get, an loda man gyaɗa,
takardar fita ta ƙi fita,
ga albashi jibi."

Na sa kalmar sirri, na ce ya nuna mini saitinsa.
Ya zazzago su, sun haura ɗari uku,
kowanne da suna, kowanne da lamba.
Wannan, ƙwaƙwalwar da aka yarje masa ya ci.
Wannan, daƙiƙun da zai jira kafin ya haƙura.
Akwai masu jin magana nan take,
akwai masu taurin kai, sai an kashe an kunna.

Ga wanda nake nema:
mutum nawa za su shiga lokaci guda.
Ɗari da ashirin.
A gefensa rubutun Malam Tasi'u, shekara tara ke nan:
"Na auna. A bar shi haka."

Na murmusa. A zamaninsa rassa uku ne,
yau sha ɗaya, daga Singa har Dawanau.
Shi yana Hotoro yana sayar da gas,
gwiwa ta hana shi hawa bene.

Na ɗauki ajiya, kamar yadda ya koya mini,
na rubuta tsohuwar lamba da biro a bayan rasit.
Na goge. Na buga ɗari huɗu.
Na kashe, na yi bismillah, na kunna.

Bai tashi ba.

Fankokinsa suka hau kuka,
allo ya ce ƙwaƙwalwa ba ta isa ba,
tabarmar da na ce a shimfiɗa ta fi ɗakin faɗi.
Minti goma sha biyu kamfani ba shi da suna ko ɗaya,
ba bashi, ba riba, ba direba,
albashin mutum ɗari shida yana kwance
tsakanin yatsuna da bayan rasit.
Gumi a ɗakin da ake sa rigar sanyi.

Na mayar: ɗaya, biyu, sifili.
Ya yi miƙa, ya buɗe ido.

Sai yanzu na yi abin da ya kamata in fara da shi,
na buɗe tarihin yinin, na ƙirga mazauna.
Cikin ɗari da ashirin, saba'in da ɗaya ba su motsa ba tun hantsi.
Sagir na Dawanau ya bar nasa a buɗe tun Talata.
Uwani ta tafi suna Gwammaja, kujerarta na riƙe.
Ashe zauren bai yi kaɗan ba,
baƙi ne ba sa sallama.

Can ƙasa, layi na ɗari biyu da wani abu,
lokacin da za a ɗaga wa wanda ya yi shiru:
sifili, wato har abada.
Na ba shi minti ashirin,
ya isa alwala da salla da gaisuwar hanya.
Wannan mai jin magana ne, bai nemi a kashe ba.

A gefensa na sa kwanan wata, na sa sunana.
Na daɗe ina neman abin da zan ce wa na bayana.
Na rubuta: "Da sifili ne. Duba kafin ka taɓa."

Da safe tirelolin suka bi titin Panshekara ɗaya bayan ɗaya.
Hajiya Barira ta wuce ni a matakala, fayil a hammata,
ta ce, "Yau dai sabis ya yi kyau."
Na ce, "Ya yi."
Rasit ɗin yana aljihuna har yanzu.
Ranar Asabar zan je Hotoro in cika tukunyar gas.