Minti Bakwai a Valparaíso

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Talata,
hazon teku bai gama barin rufin kwanonmu ba.
Ina kan shafi na tara, ina cewa,
"Katangar da ke tallafe da tudun nan
daga gindi ta tsage, ba daga sama ba,"
ashe tun a "katangar" suka daskare.

Ban ankara ba.
Evaristo, shugabanmu, ya ɗaga kofin shayi,
ya tsaya da shi a rabin hanya, baki buɗe.
Na ce a raina, yau na kama shi.
Maite ta ofishin kuɗi a Santiago,
ido ɗaya rufe, ɗaya a kaina,
ta yi tsit, ita da ba ta barin kowa ya kai aya.
Sai na saki jiki na zuba:
gida arba'in da ɗaya a ƙarƙashin katangar,
igiyar shanyar Doña Fresia ɗaure da ƙusar jikinta,
ruwan Yuni na tafe, shi kuwa ba ya jiran sa hannu.
Ko sau ɗaya muryata ba ta yi rawa ba.
Tun da nake, ban taɓa tsara zance haka ba.

Sai allon ya yi fari fat, ya haɗiye su duka.
Wani ɗan akwati ya fito da ladabi:
manhajar ta rufe kanta, tana ba da haƙuri.

Gumi ya karyo min ta bayan wuya.
Na danna, ta ƙi. Na ƙara dannawa da ƙarfi,
sai ka ce ƙarfin yatsa ne ya rage mata.
Ta buɗe ido, wai sai ta sabunta kanta tukuna.
Haba baiwar Allah, ana fafe gora ranar tafiya?
Kashi uku cikin ɗari. Kashi huɗu. Kashi huɗu.
A waje mai sayar da gas na kaɗa tukwanensa,
karnukan unguwa na amsa masa matakala bayan matakala,
wani jirgin ruwa ya yi nishi can a tasha.
Duniya na ta aikinta, ni kaɗai aka zare.

Na bar kwamfuta da ciwonta, na jawo waya.
Na tura wa Benjamín, ɗan koyon aikinmu:
"Ta jefar da ni. Riƙe musu shafi na tara. Ina zuwa."
Kalmar sirri kuma fa? Ranar haihuwar mahaifiyata? A'a.
Lambar tsohon gidanmu? A'a.
Sunan kyanwata ne ya buɗe ƙofar.
Na jingina wayar da gwangwanin sukari,
ta nuna musu haɓata da rabin silin.

"Rayén ta dawo," in ji wani.
"A 'katangar' kika tsaya," in ji Maite,
"saura minti biyu mu shiga batun fenti."

Minti biyu.
Na laluba kalmomin ɗazu, kyawawan nan,
sun bi hazo sun gangara teku.
Abin da ya saura a bakina bai cika cokali ba:
"Daga gindi ta tsage. Gida arba'in da ɗaya.
Kafin Yuni."

Shiru. Na ɗauka sun sake daskarewa,
har na kai hannu zan girgiza wayar,
sai kofin Evaristo ya ƙarasa tafiyarsa.
Ya kurɓa, ya ajiye,
ya ce a turo masa lissafin kafin yamma.

Da aka watse, kwamfutar ta yi 'yar ƙara,
wai ta shirya, an gyara mata ƙananan kurakurai,
ko zan ba ta taurari biyar?
Na kife murfinta, na leƙa taga.
Can ƙasa Doña Fresia na shanya zanin gado
a inuwar katangar, tana magana da wani da ba na gani.
Kyanwata kuwa, wadda ita kaɗai ta ji jawabin daga farko har ƙarshe,
ta miƙe ƙafa a kan takardar shafi na goma
tana lasa.