Baƙaƙe Uku

Lawali ya dawo daga jami'a da ƙamus a hammata,
ya zube kan tabarmata, ko takalmi bai cire ba.
Wai ya tsinci wata kalmar Ingilishi, baƙaƙe uku kacal,
ta cinye shafi huɗu ita kaɗai,
wai an bi sawunta har ƙasashen ƙanƙara,
an san wa ya haife ta, an san inda ta ya da zango.
Ya dube ni, tsohon mushen lakwal,
ya ce, "Kaka, mu a Hausa irinta akwai?"

Na ce, "Kai!
Rufe littafin nan."
Ya rufe. Na ce, "To, ka ji ta.
Ƙirga baƙaƙenta, uku ne daidai."

Na ja shi ƙofar zaure.
Dubi yarinyar can, tun asuba take layin famfo,
ruwan bai zo ba sai hantsi.
Jarka na bisa kai,
gidan Hajiya Baraka za ta kai,
ladan dala goma, ko na ƙosai bai kai ba.
Sau uku ke nan, ɗana,
ba mu ko bar inuwar Birni ba, muna tsaye a nan dai.

Je ka Kasuwar Dole ka saurara.
Mai bashi yana kai-komo, wanda ake bi ya sha kai.
Ɗan kabu-kabu ya ce kai tsaye zai kai ka Zango.
Wasiƙata ta farko na liƙa mata kan sarki,
ta ƙetare kan iyaka, ta yi ɓatan kai a Kano.
Tutar da na koya wa yara ɗagawa shekara talatin,
ita ma sunanta ƴancin kai,
ko da yake masu son kai sun fi mu morar ta ƙwarai.

Ya ce, "To, asalinta fa?"

Ban sani ba.
Ba ta zo cikin ayarin gishirin Bilma ba,
ba Faransa ta sauke mana ita ba.
Duwatsun nan da suka riga ganuwa zama
wataƙila sun san ranar da ta iso,
amma dutse ba ya ba da labarai.
Ni dai na fara jin ta a bakin uwata,
ran da na miƙa hannu zan damƙi garwashi.
In ka tambaye ni, can aka haife ta,
tsakanin yatsun yaro da wuta.
Sauran na bar wa malamai.

Wadda ta fi kowa iya ta, kakarka ce, Cima.
Tana da gajera, ta korar akuya daga turmi.
Tana da doguwa, in na faɗi kuɗin buhun hatsi.
Tana da wata mai dariya a ciki,
ran da na rina gemu don bikin ƙanenta.
Akwai wadda ba ta faɗa sai an kashe fitila,
wannan ba taka ba ce.
Ta ƙarshe a asibiti,
ta buɗe ido, ta laluba fuskata,
kamar mai tabbatar da canji a duhu,
ta ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne."
Ƙamus ɗinka yana da shafin wannan? Duba sosai.

Lawali ya yi shiru, ya sunkuyar da shi,
wannan abin da muke magana a kai.

Na ce, ɗauki bik, ga darasin ƙarshe.
Rubuta jin kai. Ka san shi, ciwon manya ne.
Yanzu lanƙwasa wa kan baƙin farko ɗan ƙugiya,
ƙarami, kamar ƙayar aduwa.
Karanta.
Shi nake roƙa mata kowace asuba,
shi za ka roƙa mini in na bi ta:
jin ƙai.